Ryzen 5 2600 a kan bod B450: ta ina zan fara ƙara masa gudu ba tare da sayen sabon kaya ba?

Sadiku

Assalamu alaikum, masana. Ga abin da ke cikin kwamfutar: furosesa Ryzen 5 2600 da fankar da ya zo da ita, wato Wraith Stealth, bod B450 na MSI, RAM sanda biyu, kowacce gig 8, an rubuta 3200 a jikinsu, katin zane GTX 1660 Super, akwatin wuta mai wat 500. Wasanni ake yi da ita, sai haɗa bidiyo jefi-jefi.

So nake in matso ɗan ƙarin gudu daga kayan nan yadda suke. Zuwa nawa zan iya tura furosesa ɗin? Wuta nawa ce ba za ta yi masa illa ba? In kuma na yi kuskure kwamfutar ta ƙi tashi, yaya ake dawo da ita? Af, Task Manager yana nuna RAM a 2133, ban sani ba ko matsala ce.

Malam Bala

Wa alaikumus salam, Sadiku. Abin da ka jefo a ƙarshe da "af" ɗin nan, shi ne babbar maganar. Ƙyale furosesa tukuna.

RAM ɗinka yana tafiya a 2133 ne domin haka irin waɗannan sandunan DDR4 suke tashi in ba a ce musu komai ba. Bod yana ɗaukar saitin da ya fi kowanne aminci, a bolt 1.2, ya tsaya nan. Lambar 3200 da ka gani a jiki tana ajiye a wani saiti daban cikin sandar, wanda Intel ya sa wa suna XMP. A bod ɗin AMD, MSI na kiransa A-XMP, ASUS kuma DOCP. Sai an shiga an kunna shi da hannu. Wato kuɗin 3200 ka biya, moriyar 2133 kake ci.

A Ryzen abin ya fi ciwo. Cibiyoyi shida na 2600, wato ƙananan injinan lissafi da ke cikinsa, a rabe suke gida biyu, uku-uku, kuma hanyar da gidajen ke magana da juna, Infinity Fabric, da agogon RAM take tafiya. RAM a 2133, hanyar tana kan megahaz 1066. RAM a 3200, ta koma 1600. Faɗin hanyar bayanai ma yana tashi daga gigabait 34 a daƙiƙa zuwa 51. A wasa, inda za ka fi gani shi ne raguwar sarƙewar nan ta ƙiftawar ido, ba lallai babbar lambar firam, wato yawan hotunan da wasa ke nunawa a daƙiƙa, ta sama ba.

Kafin ka taɓa komai, auna. Sauke CPU-Z mai nuna bayanan kayanka, HWiNFO64 mai nuna zafi da wuta, da Cinebench R23 mai gwada ƙarfin furosesa, duk kyauta ne. Gudanar da Cinebench na minti goma, ka rubuta maki, ka rubuta zafin da HWiNFO ya nuna a layin Tctl/Tdie, da gudun da cibiyoyin suka riƙe. Sannan ka zaɓi wuri guda a wasa guda, ka rubuta firam nawa kake samu. Wanda bai rubuta lambar farko ba, ido ne zai yi masa alƙalanci, ido kuwa abin da zuciya ke so yake gani.

A CPU-Z buɗe shafin Memory. Ka tabbata yana nuna hanya biyu. In hanya ɗaya ya nuna, sandunan ba su zauna daidai ba: a bod mai gurbi huɗu, na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake cikawa, su ne A2 da B2. Kada kuma lambar gudu ta ruɗe ka a nan, rabi yake nunawa. 1066 na nufin 2133, 1600 na nufin 3200.

Daga nan sake kunna kwamfutar, ka yi ta danna Del har BIOS, shafin saitin bod, ya buɗe. Shiga sashen OC, kunna A-XMP, ka duba wutar RAM ta koma bolt 1.35, ka danna F10 don ajiye saitin. Sani dai: abin da AMD ya lamunce wa 2600 shi ne 2933, saboda haka 3200 ita kanta ƙetare iyaka ce. Da yawa suna ɗauka, wasu ba sa yi. In ta tashi, sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filas, ka bar shi ya zagaya sau huɗu. Kuskure ko ɗaya ne, an faɗi. Babu "ai ɗaya ne kawai" a gwajin RAM, domin shi kuskurensa ba ya ihu. Fayil ne zai lalace a shiru lokacin ajiyewa, sai bayan wata guda Windows ya fara hauka ba ka san mafari ba.

Hadiza

Malam Bala ya gama da RAM, bari in ɗauki furosesa, Malam Sadiku, tunda shi ka tambaya. Amma da fankar da ke kansa yanzu kada ka sa rai da yawa. Wraith Stealth ƙaramin dunƙulen alminiyom ne da aka yi don wat 65, babu rara a cikinsa.

Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi: agogon tushe, megahaz 100, sau lambar ninki. Ninki 40 ya ba ka gigahaz 4.0. Lambar ninkin kawai za ka taɓa. Agogon tushen ka bar shi a 100, domin a yawancin bod irin naka hanyoyin PCIe da na SATA, waɗanda katin zane da SSD ke bi, suna rataye da shi, ka ɗaga shi kaɗan sai SSD ya ɓace ko ya fara lalata bayanai.

Ga abin da mutane ke mantawa. Shi 2600 gudunsa na tushe 3.4 ne, yana kuma ɗaga kansa har 3.9 in cibiya ɗaya ko biyu ke aiki. In duka shidan suna aiki, yakan zauna wajen 3.6 zuwa 3.8, gwargwadon sanyin da ya samu. Da zarar ka rubuta lambar ninki da hannunka, wannan ɗaga kan ya mutu. Saboda haka wanda ya kulle shi a 3.8 ya ɗan samu a haɗa bidiyo, ya yi asara a duk aikin da cibiya ɗaya ke yi. In ba za ka kai 3.9 ko 4.0 a duk cibiyoyi ba, barinsa yadda yake ya fi.

Yanzu wuta. Zafin da furosesa ke fitarwa yana tashi daidai da gudu, amma da wuta ninki biyu yake tashi, wato bolt sau bolt. Ɗauki misali: daga 3.7 a bolt 1.20 zuwa 4.0 a bolt 1.35. Gudu ya ƙaru da kashi 8 cikin ɗari. Wutar da yake ja kuwa ta ƙaru da kusan kashi 37. Duk wannan zafi ne da fanka za ta kwashe, kuma sashen daidaita wuta na bod, ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke kewaye da mazaunin furosesa, shi zai ɗauki nauyin. Leƙa ka gani ko akwai ƙarfen shan zafi a kansu. In a tsirara suke, kada ka wuce bolt 1.30, kuma ka tabbata iska na bi ta kansu. HWiNFO kan nuna zafinsu a wasu bod, layin da aka rubuta MOS ko VRM.

Matakan:

A sashen OC sa CPU Ratio a 39. Mayar da CPU Core Voltage zuwa Override, ka rubuta 1.25. Kada ka bar wuta a Auto in ka ɗaga ninki, bod kan zuba fiye da buƙata don kawai ta tashi.

Nemi Load-Line Calibration ka sa shi tsaka-tsaki. Dalilinsa: in aiki ya yi nauyi wutar da ke isa furosesa tana ɗan faɗuwa ƙasa da abin da ka rubuta, kuma da gangan aka yi haka, don kada ta yi tsalle sama lokacin da aikin ya tsaya farat ɗaya. Saitin nan yana rage faɗuwar. In ka ƙure shi, tsallen da ake gudu ya dawo, kuma gajere ne ƙwarai, manhaja ba ta ganinsa. Lura, a MSI Mode 1 ne mafi ƙarfi, a ASUS kuwa babbar lamba ce mafi ƙarfi. Mutane na kwafar saitin wani bod su sa a nasu su samu akasin abin da suke nufi.

Shiga Windows, buɗe HWiNFO, ka sa ido a layin SVI2 TFN na wutar cibiya. Wannan ce wutar da ke isa gare shi da gaske. Gudanar da Cinebench minti goma. In ya wuce, ƙara ninki da 0.25 ko 0.5, Ryzen na karɓar ƙarin megahaz 25. In ya faɗi, ƙara wuta da 0.0125, ka sake. Haka za ka yi ta yi har ɗaya daga cikin iyaka biyu ta tare ka: wuta ta kai 1.35, ko zafi ya kai digiri 85. A digiri 95 shi da kansa yake rage gudu don tsira, amma ba wurin zama ba ne. Da Wraith Stealth kusan tabbas zafi ne zai fara tare ka.

Cinebench ba shi ne hukuncin ƙarshe ba. In ka samu inda kake so ka tsaya, sa masa manhajar gwajin juriya, OCCT awa ɗaya, ko Prime95 a saitin Small FFTs, idonka a kan zafi, domin wannan ya fi kowane aiki na gaske zafafa shi. Shuɗin allo mai CLOCK_WATCHDOG_TIMEOUT ko WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR galibi wutar cibiya ce ta gaza. Mai MEMORY_MANAGEMENT kuwa RAM za ka fara zarga. In kwamfutar ta ɗauke ɗif ba shuɗin allo, duba zafin sashen wuta na bod da akwatin wuta. Shi ya sa ba a canza abu biyu lokaci guda. Gama da RAM, ka tabbatar, sannan ka zo nan.

Me ya sa 1.35? Wuta mai yawa da zafi tare suna ture ƙwayoyin ƙarfen da ke cikin siraran wayoyin furosesa sannu a hankali. Ba ya mutuwa rana ɗaya. Abin da za ka gani shi ne saitin da ya zauna lafiya bara, bana yana neman ƙarin wuta. Wannan ba ya gyaruwa. Kuma lambar nan ta wannan zubin ce, na nanomita 12. Kada wani mai Ryzen 3600 ko 5600 ya karanta ya kulle nasa a 1.35, nasu ba su jure haka.

Sadiku

Na gode ƙwarai, Malam Bala, Malama Hadiza. Ga sakamako: sandunan suna A2 da B2. Da na kunna A-XMP a 3200 allo bai kawo ba, ƙaramar fitilar DRAM a jikin bod ta tsaya a kunne, ta sake tashi sau uku sannan ta koma 2133 da kanta. Cinebench kuma ba tare da na taɓa furosesa ba zafi ya kai digiri 81. Shin sandunan ne ba su da kyau?

Garba

Malam Bala zai fi ni bayanin RAM. Ni dai digiri 81 ɗin nan na tsaya a kai. Ɗan'uwa, da wannan zafin ba ka da wurin ƙara wuta ko kaɗan, duk abin da Malama Hadiza ta tsara sai ya jira.

Cire fankar ka share ƙura daga tsakanin haƙoran ƙarfen, ka canza man da ke tsakaninta da furosesa. Kafin ka cire, bar kwamfutar ta yi aiki minti goma man ya yi laushi, ka kashe, ka kwance sukurori huɗun kaɗan-kaɗan a gicciye, sannan ka murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga. In ka fizge ta kai tsaye, a mazaunin AM4 furosesa kan biyo ta ya fito, ƙafafunsa su lanƙwashe. Goge tsohon man da sinadarin isofurofil, ka ɗiga sabo guda a tsakiya, faɗin milimita 4 zuwa 5, matsin fanka zai baje shi. Sannan ka cire murfin gefe ka sake gwaji. In zafi ya sauka da digiri biyar ko fiye, iska ce ba ta shiga akwatin, fanka ɗaya a gaba tana ja, ɗaya a baya tana fitarwa, ta fi kowane saitin BIOS amfani. Shi Ryzen in ya ji sanyi da kansa yake ƙara gudu.

Ra'ayina kuma, in don wasa ne, ƙure 2600 kwalliya ce da da ƙyar take biyan kuɗin sabulu. Sunan da wannan harka ta yi daga wani zamani ne. A 1998 mai Celeron 300A kan mayar da agogon tushe daga 66 zuwa 100, furosesa mai megahaz 300 ya koma 450, ƙarin rabi ke nan cur. Core 2 Quad Q6600 na 2007 daga 2.4 yakan je 3.0 cikin sauƙi. Core i5-2500K na 2011 mai 3.3, da yawa sun zauna a 4.5. Lokacin kamfanoni na barin rara mai yawa. Yanzu furosesa na auna zafinsa da wutarsa da kansa yana cinye rarar tun daga masana'anta. Wani lokaci har a wuce gona da iri: a 2024 Intel ya fitar da gyaran maikurokod, umarnin da ke tafiyar da furosesa daga ciki, ga furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 saboda wuta mai yawa tana lalata su alhali masu su ba su ƙara komai ba, ya kuma tsawaita garantinsu da shekara biyu. A naka, daga 3.7 zuwa 4.0 kashi 8 ne a takarda, a wasa ƙasa da haka, domin katin zane ne ke ja da baya a yawancin wasanni.

To can ya kamata ka je, kuma ya fi sauƙi, ya fi aminci. Sauke MSI Afterburner, yana aiki da katin kowane kamfani. Ja Power Limit zuwa ƙarshe; kamfanin katin ya riga ya sa iyakar da ba za ka iya wucewa ba, a wasu katunan ma ba ya motsi daga 100. Kada ka taɓa wutar cibiya. Core Clock fara da +60, ka riƙa ƙara 15, domin da taki 15 waɗannan katunan ke tafiya. Bayan kowane ƙari gudanar da Unigine Superposition, manhajar gwada katin zane. In direba ya faɗi, ko wasa ya rufe kansa, ko allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, koma baya da 30.

Ƙwaƙwalwar katin, GDDR6 ce, Afterburner zai nuna ta wajen 7000. Ƙara 100 a kowane mataki. A nan maki za ka kalla, ba hoto kaɗai ba. Tana da hanyar gane kuskure ta sake aiko da bayanin, saboda haka kana iya wuce iyaka hoto na nan lafiya, maki ne zai daina hawa ya fara sauka. Inda ya daina hawa, koma baya mataki biyu. In ka ga ɗige-ɗige masu launi ko tsagi a allo, ka wuce da nisa.

Gyara layin fankar katin ma, ya zauna ƙasa da digiri 75, saboda yana sauke gudu taki-taki yayin da yake ɗumi. Maɓallin da ke sa saitin ya hau da tashin Windows kuwa, kada ka kunna shi sai ka yi kwana biyu kana wasa ba matsala. Abin da za ka samu duka-duka bai cika wuce kashi 5 zuwa 10 ba. Akwatin wutarka zai ɗauka: katin wat 125 ne.

Hadiza

Na yarda da Malam Garba a kan wasa. A haɗa bidiyo ne na saɓa masa, can duk cibiyoyi shida ke aiki, kashi 8 ɗin nan kana ganinsa a agogo: aikin awa ɗaya ya ragu da kusan minti huɗu da rabi. Ko hakan ya kai a sayi doguwar fanka mai bututun jan ƙarfe, mai aikin ne ya sani. A tuna kuma AMD ya faɗa a fili cewa garantinsa bai shafi ɓarnar da ƙetare saiti ta jawo ba.

Malam Bala

Sandunan ba lallai su ne ba, Sadiku. Abin da ka gani shi ne bod yana gwada daidaita siginar RAM, ya kasa, ya koma saitin aminci. Yawanci mai kula da RAM da ke cikin furosesa ne bai ɗauki 3200 ba.

Bar A-XMP a kunne don ya riƙe lambobin jinkiri da bolt 1.35, amma ka sauke DRAM Frequency da hannu zuwa 2933. In ya tashi ya ci gwaji, hau 3000, 3066, 3133, ɗaya bayan ɗaya. In ya tsaya a hanya, sa wutar SoC, ɓangaren furosesa da mai kula da RAM yake ciki, wadda wasu BIOS ke rubutawa NB/SoC, a bolt 1.10. Kada ka kai ta 1.20, kuma ƙara ta ba kullum yake taimako ba, wani furosesan ya fi zama a 1.05.

In 2933 ce iyakarka, ba ka yi asarar kirki ba. Jinkirin farko ana lissafa shi haka: lambar CL, wato ta farko a jerin lambobin jinkirin RAM, sau 2000, a raba da gudu. CL16 a 3200 nanodaƙiƙa 10 ne. CL16 a 2933 kusan 10.9. In sandunan suka yarda da CL14 a 2933, ka sauko 9.5. Kwatanta da 2133 a CL15 da kake kai yanzu, wajen 14. Kada ka wahalar da kanka da CL15, in saitin Gear Down Mode na BIOS na kunne bod zai mayar da ita 16.

Duba lambar BIOS ɗinka ma. Sababbin fitarwa sun gyara zaman RAM sosai a kan na 2018. Karanta bayanin da ke ƙarƙashin kowace fitarwa a shafin bod ɗinka ka tabbata tana ɗaukar 2600, ka mayar da duk saiti na asali kafin ka sabunta, kuma kada wuta ta yanke ana cikin yi.

Saura tambayarka ta uku, in ta ƙi tashi kuma ba ta dawo da kanta ba. Kashe makunnin bayan akwatin wuta, zare waya, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma wutar da ta saura ta fita. Nemi ƙananan ƙafafu biyu da aka rubuta JBAT1 kusa da su, ka haɗa su da bakin sukundireba na daƙiƙa goma. In ba ka gan su ba, cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar. BIOS zai koma yadda ya fito daga kamfani, fayilolinka ba abin da zai same su. Abu biyu kafin ka kai ga haka: in BitLocker, makullin fayiloli na Windows, na kunne, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ka ajiye a wani wuri daban, domin share saiti ko sabunta BIOS na iya sa Windows ya tambaye shi. Sannan duk saitin da ya ci gwaji, ajiye shi a OC Profile, ka kuma ɗauki hoton shafin da waya, saboda sabunta BIOS kan share waɗannan ajiyar.

Kawo mana sakamakon MemTest86 a 2933 da zafin Cinebench bayan ka canza man, sai mu ga ko akwai wurin ninki 39.